Ba Taurin Kunama Ne Ke Tsare Rai Ba

Ranka ya daɗe Edita,

Ina gaisuwa. Shekara 11 ke nan ina aikin rakiyar motar kuɗi a nan birnin New York, da ƙaramar bindiga a ƙugu. Duk sanda na ji labari daga gida cewa bindiga "ta tashi da kanta" a shingen bincike, sai wani ya ce ai da an ƙara wa kunamar tauri da ba a yi asarar rai ba. To, a nan an gwada hakan.

Ƙaramar bindiga ƙirar Glock tana fitowa daga kamfani da kunama mai buƙatar jan kusan kilo biyu da rabi. Da 'yan sandan New York suka bar libarba, wato ƙaramar bindiga mai gidan harsashi da ke juyawa, suka koma irinta, yatsunsu sun saba da jan mai nauyi, sai hukuma ta sa aka ƙara taurin ya kai laba 12, wato kilo biyar da ɗoriya. Bindigar kanta, har da harsasanta, ba ta kai kilo ɗaya ba. Na taɓa harba irin wannan a filin atisaye. Kafin kunamar ta saki, hannuna ya riga ya karkatar da bakin bindigar ƙasa ta hagu, ni da nake cika baki da saiti.

Taurin bai ceci Amadou Diallo ba, ɗan Gini da 'yan sandan New York suka yi wa ruwan harsashi 41 a ƙofar gidansa a unguwar Bronx a 1999. A 2012 kuma, gaban ginin Empire State, 'yan sanda biyu sun harbe wani ɗan bindiga, amma mutum tara masu wucewa suka ji rauni daga harbin 'yan sandan. A 2021 hukumar 'yan sandan ta fara ba sababbin ɗauka kunama mai sauƙi.

Kada kuma a ce ina goyon bayan masu zama a gida su goge ƙarfen ciki don kunama ta yi laushi. Wani abokin aikinmu ya yi haka, mai duba makamai ya rataya wa kunamar ma'auni, ya karɓe bindigar nan take. Gaskiyarsa.

Malamin da ya koya mana harbi bai taɓa yi mana zancen awo ba. Sanda yake riƙewa, duk wanda yatsansa ya shiga zoben kunama kafin ya yi niyyar harbi, sai ya ji ta a wuyan hannu. Ina so a tambayi hukumomin tsaronmu: ɗan sandan da ke tsaye a shinge, yaushe rabonsa da filin atisaye?

Naku,
Wani mai karatu daga Bronx