Marsandin da na gani ranar Lahadi

Stuttgart, Jamus

Assalamu alaikum Baba,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, kai da Umma da su Auta. Yaya ƙafar? Allah Ya ƙara sauƙi. Ni ma lafiya lau, aiki na tafiya, sanyi ya fara ja da baya.

Baba, abin da na gani ranar Lahadi ne ya hana ni jiran ƙarshen wata kafin in rubuto. Ina dawowa daga sayen burodi sai na ji ƙarar inji a bayana, wata irin ƙara mai kauri, a natse, ba hayaniya. Ka san kai ka koya min sauraron inji tun kafin in iya riƙe sifana. Ina waiwayawa sai ga Marsandi 300 SL, buɗaɗɗiya, launin azurfa, kujerunta jar fata, an naɗe rufin tamfol ɗin a baya. Ta tsaya a bakin titi, ni ma na tsaya cak da leda a hannu.

Mai ita dattijo ne, zai kai sa'arka. Da ya ga na kasa gaba na kasa baya sai ya yi murmushi ya yafito ni. Da ɗan Jamusancina na ce masa mahaifina bakanike ne, ya yi shekara arba'in yana gyaran Marsandi a Kano. Bai ce komai ba, ya zagaya ya buɗe min bonet.

Wallahi Baba, a nan na so a ce kana kusa. Silinda shida ne a jere, lita 3, amma an kwantar da injin a karkace domin bonet ɗin ya yi ƙasa, iska ta riƙa wucewa ta kansa. Na duba na sake dubawa, babu kafireta. Famfon Bosch ne ke feshin mai kai tsaye cikin silinda, a motar da aka fara ƙerawa a 1957! Mu da muka tashi muna busa kafiretar Fijo 504 da baki, ashe tun kafin ka fara sana'ar, masu ƙera Marsandi sun wuce wurin. Ƙashin motar ma ba irin shasin da muka sani ba ne, siraran bututun ƙarfe ne aka harhaɗa da walda. Saboda tsayin wannan ƙashi a gefe ne yayarta, 300 SL mai rufin ƙarfe ta 1954, take buɗe ƙofofi sama kamar fikafikai. A wannan sai suka rage shi, ƙofa ta koma buɗewa yadda aka saba.

Guda 1,858 kacal aka yi daga 1957 zuwa 1963, a Sindelfingen, nan kusa da mu. Yanzu kuɗin ɗaya ya haura Yuro miliyan guda. Lambarta na ƙarewa da harafin H, wanda ake bai wa motar da ta shekara 30 kuma aka riƙe ta yadda aka ƙera ta. Akwai irinta a gidan tarihin Marsandi na garin nan, amma waccan a ajiye take, shiru. Wannan kuwa tana warin mai da fata, salansa da zafinsa, sitiyarin ya yi santsi wurin da hannu ke kamawa. Ni ta fi min kyau haka, tsohuwar zuma ce da ake sha.

Da dattijon zai tafi ya ba ta wuta sau biyu domina. Na ɗauki ƙarar a waya, na tura wa Yaya. Don Allah a sa maka a kunne a wurin da babu surutu, ka faɗa min abin da ka ji, domin kamar na ji ɗan tsalle idan tana tsaye, ban dai yarda da kunnena ba sai ka tabbatar.

Kuɗin magani zai iso ranar Juma'a in sha Allahu. A gaida Umma, a ce mata yajin da ta aiko ya kusa ƙarewa. A gaida yaran gareji duka.

Ɗanka mai neman albarka.