Koken Jama'ar Unguwarmu Kan Yadda Aka Hana Mu Rajistar Zaɓe

Zuwa ga Mai Martaba Lamidon Garwa ta ƙasar Kamaru, ta hannun Sarkin Hausawa.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da ban girma irin na ɗa ga mahaifi, muna roƙon Allah ya ja zamaninka, ya ƙara maka lafiya da nasara, ya zaunar da ƙasarka lafiya. Mu talakawanka ne, dattawa da limamai da 'yan kasuwa da mata da samarin unguwa. Mun san fada ba ta rasa hidima, amma abin da aka yi mana ranar Alhamis ɗin da ta wuce ya fi ƙarfin mu haɗiye.

Ranka ya daɗe, an aiko mana cewa masu rajistar zaɓe za su zo unguwa da hantsi. Jauro, wato mai unguwarmu, ya sa aka yi shela, limamai suka faɗa a masallatai bayan isha'i. Lokacin maimai ne, amma manoma suka bar gyaɗa da auduga suka zo. Masu rumfa suka rufe. Matan da ba su saba fita ba suka nemi izini, suka zauna gefe guda da goyo. Akwai gyatumar da jikanta ya ɗauko a kan babur, ya shimfiɗa mata buhu a gindin darbejiya, takardunta ƙulle cikin leda a bakin zane saboda ruwan sama. Ba a iso da na'urar ɗaukar hoto da zanen yatsu ba sai bayan azahar. Ba a yi nisa da aiki ba aka ce caji ya ƙare. Muka ce ga janareton mai niƙa, ga kuɗin mai daga aljihunmu, aka ce ba a ba su wannan umarni ba.

Wannan duk da mun jure. Abin da ya ƙona mana rai shi ne yadda aka riƙa duba katin ɗan ƙasa, duk wanda aka ga an haife shi a Mora ko Kolofata ko Yagwa, garuruwan can arewacin ƙasar nan, sai a miƙa masa katinsa a ce ya koma garinsu ya yi. Allah ya ba ka nasara, wane gari? Waɗansu rikicin Boko Haram ne ya koro su, waɗansu ambaliya ce ta cinye gidajensu. Shekara da shekaru suna zaune da mu, muna sallah sahu ɗaya, 'ya'yansu na makaranta da namu, suna biyan kuɗin rumfa a kasuwa. Ranar karɓar haraji ba wanda ya taɓa tambayarsu inda aka yanke musu cibiya. Wani dattijo ya buɗe baki zai yi bayani, yaron da bai kai ɗansa ba ya daka masa tsawa a gaban surukansa.

'Ya'yanmu da suka yi boko sun karanta mana dokar zaɓe ta 19 ga Afrilu 2012, suka fassara mana da Hausa da Fulatanci. Ta ce duk ɗan Kamaru, mace ko namiji, da ya cika shekara 20 kuma shari'a ba ta hana shi ba, yana da haƙƙin a rubuta sunansa. Ta ce mutum na iya yin rajista a garin asalinsa, ko kuwa a inda ya zauna aƙalla wata 6. Har wanda shekarunsa ko watanninsa za su cika kafin a rufe rajista, dokar ba ta ce a kore shi ba. To da wace doka aka kore mana maƙwabta? Kuma ita dai wannan doka ta sa ana buɗe rajista daga 1 ga Janairu a rufe 31 ga Agusta. Kwanakin da suka rage ana iya ƙirga su da yatsu.

Ba yau muka fara kai kuka ba. Mun je wurin masu rajista, an ce mu dawo. Mun rubuta, mun aika wakilai, an ce shugaba ya yi tafiya, an ce na'ura tana wata unguwa. A zaɓukan baya akwai waɗanda suka yi rajista, ga 'yar takardar shaida a hannunsu, katin kuma shiru. Sai daga baya muka ji cewa katunan da ba a karɓa ba ana ajiye su ne a rumfar zaɓen mai su ranar jefa ƙuri'a, a ba shi in ya nuna katin ɗan ƙasa ko wannan takarda. Ba wanda ya gaya mana, mutane suka zauna a gida. Haka wani makaho a cikinmu, aka hana wanda ya jawo shi shiga da shi, alhali doka ta yarda mai lalura ya zaɓi wanda zai taimaka masa, muddin sunan mai taimakon na rumfar, ba ɗan takara ko wakilinsa ba ne, kuma mutum ɗaya kaɗai zai taimaka wa a ranar. Ga takardun 'yan takara kowa da tasa, ga ambulan, ta yaya makaho zai rarrabe shi kaɗai?

Saboda haka muke durƙusawa gabanka. Muna roƙo ka sa baki a dawo da masu rajista unguwarmu kafin ƙarshen wata, su zo da safe kamar yadda za su faɗa, su kwana biyu ko uku, da na'ura mai caji. A kira duk waɗanda aka kora a rubuta su, Jauro da limamai a shirye suke su shaidi zamansu. Kwamitin gyaran rajista yana da wakilin gwamnati da na magajin gari da na jam'iyyu, muna so ka sanar da su abin da ya faru, don ranar ba mu ga ko ɗaya ba. A ware wa mata layinsu, a fara da tsofaffi da masu ciki.

Muna kuma roƙon idan aka liƙa jerin sunaye na wucin gadi a watan Oktoba, a sanar da mu ta bakin masu unguwa da gidan rediyo, cikin harsunan da muke ji, don kowa ya je ya duba nasa tun da sauran damar gyara. Katuna in sun fito a kawo rabonsu cikin unguwa. Akwai kuma tarin mutanenmu da ba su da takardar haihuwa, ba ta kuwa ba katin ɗan ƙasa, ba shi ba rajista. A taimaka alƙalai su zo su yi zama na musamman a yi musu. Sannan, ranka ya daɗe, a ja kunnen ma'aikata su san yadda ake magana da furfura. Kuma don Allah a dawo da na'urar nan kafin 31 ga wata.

An gaya mana wanda aka hana rajista yana da hanyar ƙara har kotun ɗaukaka ƙara, ba tare da biyan kuɗi ba. Samarinmu sun so a bi can tun ranar, mu muka tausa su muka ce sai uban ƙasa ya ji tukuna. Ba jam'iyyar da ta aiko mu, a cikinmu kowa da wanda yake so. Sunayen waɗanda aka kora da lambobin katunansu suna hannun Jauro, duk ranar da fada ta kira za mu zo da su.

Allah ya ƙara wa Lamido imani da yawan rai.

Mu ne masu biyayya gare ka,
Dattawa, limamai, mata da matasan unguwa.