Rigar gwanjo ta sa an yi mini dariya a aji

Mutumina,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya sanyin Ingila? Nan kowa lafiya, Hajiya ma tana gaishe ka.

Ka tuna jar rigar nan da na saya a gwanjon Ƙofar Wambai, mai zanen kambin sarauta a ƙirji? Shekara biyu ina sa ta, ashe ban san abin da nake yawo da shi ba. Ran Talata na shiga da ita ajinmu na Turanci na bayan isha'i, malam ya tsai da ni gaban allo, wai in fassara rubutun jikinta: "Keep calm and carry on". Na san "carry" ɗauka ne, "on" kuma a kan abu, sai na gyara murya na ce, "Ka natsu ka ɗora a ka." Aji ya kwashe da dariya, har da mai gadi da ke leƙe ta taga.

Ashe in kalmomin biyu suka haɗu, maganar dako ta ƙare. Nufinsu ka ci gaba da abin da kake yi ko ana shan wuya. Malam ya ce gwamnatin Birtaniya ce ta buga wannan magana a takardar liƙawa a bango a 1939, gab da yaƙin duniya na biyu, sama da kwafi miliyan 2, don kwantar wa mutane hankali in jiragen Jamus suka fara ruwan bama-bamai. Ba a ma liƙa yawancinsu ba. Sai a 2000 aka tsinci guda cikin akwatin tsofaffin littattafai a wani kanti can arewacin ƙasar, daga nan ta bazu har ta iso wuyana.

'Yan aji suka ce ai haƙuri ke nan. Ni ban yarda ba. Haƙuri kana iya yin sa a zaune, hannu a kumatu. Wannan kuwa sai ƙafa tana motsi. Ya fi kama da mu ce mutum ya cije. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 janareta ya gagare ni, na kakkaɓe tsohon keken ɗinkin Baba na ƙafa, da shi na fid da kayan Sallah biyu. Gwiwa tana ciwo, amma ba a rufe shago ba.

Don Allah ka kasa kunne a wurin aikinku, ka ji mini ko har yanzu suna faɗin ta a baki, ko a riga kawai ta rage. Mako mai zuwa "pull through" za mu yi, na riga na fara zaton jan igiyar rijiya ne.

Naka har kullum,
Amininka na Kano