Wasiƙa zuwa ga aminina a Amurka

Assalamu alaikum, mutumina.

Ya gida, ya iyali, ya sanyin can? Mu nan lafiya lau, hazo ya fara sauka.

Daren jiya na sake kallon The Exorcist, wanda muka kalla a bidiyo a zauren gidanku muna samari, ranar da ka gudu ka bar takalminka. Tun 1973 William Friedkin ya shirya shi daga littafin William Peter Blatty. Ya haura shekara 50, amma wallahi da fitila a kunne na kwana.

A da, abin da ya firgita mu shi ne kan yarinyar nan Regan, wadda aljani ya shiga jikinta, yana juyawa, da koren amai, da muryar nan mai kaushi. Jiya kuwa uwar ce ta tsaya mini a rai. Ta daɗe tana yawon asibiti da 'yarta, yau allura, gobe hoton ƙwaƙwalwa, jibi likitan taɓin hankali, har likitocin da bakinsu suka ce ta gwada malaman addini. Mace ce da ba ruwanta da coci, sai ga ta tana roƙon Fada Karras, shi kuma imaninsa na rawa, ga rasuwar mahaifiyarsa na damunsa. Ka tuna yarinyar unguwarmu da ta riƙa faɗuwa a makaranta, aka ce shafar aljanu ce? Haka uwarta ta yi, daga asibiti sai gidan mai ruƙiyya. Tunda na haifi 'ya mace, da wani ido nake kallon fim ɗin.

Na ma manta cewa da kiran salla yake buɗewa, a kufan Hatra da ke arewacin Iraƙi, inda Fada Merrin, tsohon malamin cocin da daga baya aka kira ya cire aljanin, ya ci karo da gunkin aljanin nan Pazuzu. Hucin bakin 'yan wasan da ake gani a ɗakin yarinyar kuma na gaske ne, sanyaya ɗakin aka yi kamar firji. Kyautar Oscar 2 kawai ya samu cikin 10 da aka sa shi takara, ni dai na ce an ƙware shi.

In Allah ya kai ka Washington, ka leƙa unguwar Georgetown ka ɗauko mini hoton doguwar matakalar nan da Karras ya faɗo. Da rana za ka je, na san halinka.

Ka gaishe da uwargida da yara.

Naka har kullum.