Albishirinka daga Jos

Mutumina,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya Hajiya da yara? Na ji wai kana kukan sanyi a can. Kai da ka tashi a Jos, ai ba ka da bakin magana. Shirunka ya yi yawa, amma yau ba faɗa ya kawo ni ba, albishir ne, goron kuma bashi ne sai ka dawo.

Za a rataye aikina a wani baje kolin zane a Abuja! Ka tuna wanda na yi da jar ƙasar da muka ɗebo bakin ramin kuza a Bukuru, ranar da santsi ya kusa kwashe ka? To shi. Matar da ke shirya baje kolin a Instagram ta gan shi. Ba ta taɓa taka Jos ba, ba ta san ko ni fari ne ko baƙi ba. Da saƙonta ya shigo na ɗauka 'yan damfara ne, sai da ta kira.

Yanzu haka harkar ta koma, a waya ake farautar masu zane, a waya ake kallo. Art X Lagos, kasuwar baje kolin zanen nan ta Legas da aka fara a 2016, duk Nuwamba ina kishingiɗe a ɗaki nake zaga rumfunanta. Haka na leƙa rumfar Najeriya a babban baje kolin zane na Venice a 2024, wadda Aindrea Emelife ta tsara, ba biza ba kuɗin jirgi, data ce kawai ta sha wuya.

Sai dai ga abin da ke hana ni barci. Waya ba ta san babba da ƙarami ba. Aikin El Anatsui, mai fasahar nan ɗan Ghana, da aka rataye a gidan zane na Tate Modern a Landan a 2023, murafan kwalabe ba iyaka ɗinke da zaren tagulla, wanda sai mutum ya ɗaga kai zai gan shi, a tafin hannuna girmansa ɗaya da hoton ɗaurin aurenka. Ni kuma nawa, waya gata ta yi masa. Da hantsi na ɗauke shi, rana ta bugo ta gefe, ƙasar ta yi jawur, tsakuwoyin suna ƙyalli. A ɗaki kuwa ya fi kusa da ruwan ƙasa, ga wata tsaga a ƙasan hagu da hoton ya haɗiye. Idan ta buɗe kwali ta ga ba abin da ta gani ba fa? Ga hanyar Akwanga, ban san me gargada za ta yi wa busasshiyar ƙasa ba.

Don in huce na shiga gidan tarihin nan da Bernard Fagg ya kafa a 1952, na tsaya gaban kawunan Nok, gumakan yumɓun nan na zamanin da. Hudar nan ta tsakiyar ido tana da zurfin da hoto ba ya kawowa. 'Yan makaranta sun cika wurin, kowa ya juya wa kan baya yana ɗaukar kansa hoto. Na so in ji haushi, sai na tuna ta wannan hanyar aka gano ni.

Af, Sarkin Barci zai angwance bayan Sallah. Eh, shi dai! Mai shayinmu na Terminus ya ce sai ya biya bashin madara kafin a ɗaura. Idan za ka sa hannu a gudummawa ka gaya mini da wuri, kuma ka turo sabuwar lambarka, tsohuwar kullum a kashe.

Ka gaida mutan gida.

Naka,
Ɗan Gangare