Japan ɗin da baƙonku ya kwatanta ba ita na zauna ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Shirinku na daren Asabar ne ya sa na kasa yin shiru. Baƙon da kuka kawo ya shafe kusan rabin awa yana zuba yabon ƙasar Japan: jirgin ƙasa mai gudu kamar harsashi, motocin Toyota, titi ba ko ɓawon gyaɗa, yara na share ajinsu da kansu. Ban musa ko ɗaya ba. Amma da ya ce wai mutumin Japan bai san damuwa ba, mai gabatarwa kuma ya yi masa kabbara aka wuce, sai na ce lallai wannan bawan Allah kwana biyar ya yi a otal a Tokyo ya dawo.

Ni wata tara na yi a can, daga Afrilu zuwa Disamba, kwas ɗin noman shinkafa a wani ƙauye na lardin Niigata, a tsibirin Honshu. Nan ake noma Koshihikari, shinkafar da suke ji da ita. Manomin da aka haɗa ni da shi shekararsa 76, kuma a garin yana cikin masu sauran ƙarfi. 'Ya'yansa biyu suna Tokyo. Sau biyu a shekara suke leƙo gida, da sabuwar shekara da kuma Agusta, lokacin Obon da suke ziyarar kaburburan iyaye. Firamaren garin an daɗe da garƙame ta, don ba yaran da za su zauna a ciki. Wata tara cur ban ga mace da goyo ba a ƙauyen nan.

Ranar da ba zan manta ba tana cikin Disamba. Dusar ƙanƙara ta kwana tana zuba, da safe sai ga dattijon nan ya jingina tsani zai hau rufin ɗaki da shebur, don in ba a kwashe ba nauyinta na iya rufta gidan. Na ce Baba ka bari in hau. Ya ƙi, wai ni baƙo ne, ban san santsinta ba. Haka na riƙe masa tsani hannuna na karkarwa, matarsa na tsaye daga ƙasa da butar shayi, idonta na sama, ba ta ce uffan ba har ya sauko. Duk hunturu sai an ji labarin tsofaffin da suka faɗo daga rufi a yankin. Gidan da ke jikin nasa kuwa ciyawa ta cinye ƙofarsa, mai shi ya rasu, magada ba sa so ko a kyauta. Irin waɗannan gidaje suna da suna, akiya, kuma sun kai kusan miliyan 9 a ƙasar.

Duk wannan baƙonku bai gani ba? Ƙasa ce mai mutum wajen miliyan 124, kuma yawansu raguwa yake yi shekara da shekaru. A 2022 haihuwa ta faɗi ƙasa da 800,000 a karon farko. Kusan mutum uku cikin goma sun kai 65 ko sun haura. Suna da kalma ta musamman ga wanda ya mutu shi kaɗai a ɗaki ba a sani ba sai bayan kwanaki, kodokushi, da wata ga wanda aiki ya kashe, karoshi. Girgizar ƙasa da ambaliyar teku ta 11 ga Maris 2011 ko ambatonta bai yi ba.

Kada a ce ina ƙyashi. Mutanen da aka jefa wa bam ɗin nukiliya a Hiroshima da Nagasaki a 1945, suka kuma ƙaddamar da Shinkansen, jirgin ƙasan nan mai gudu kamar harsashi, a 1964, sun ci a yaba musu. Ni kaina na manta jakata a jirgi, washegari na karɓe ta ko yen ɗaya, wato kuɗinsu, bai yi ciwon kai ba. Abin da ya ɓata min rai shi ne yadda aka mayar da su bulalar dukanmu, kowane mai bugo waya sai ya ce mu dai malalata ne. Dattijon can da na nuna masa hoton gidanmu ranar salla, yara fal tsakar gida, ya daɗe riƙe da wayar kafin ya miƙo min.

Don Allah in za ku sake taɓo ƙasar nan, ku nemo wanda ya yi hunturu a cikinta.

Sannan tallar mai maganin basir ɗin nan, sau uku ta katse shirin, ƙararta kuma ta ninka muryar baƙo, har sai da ta tashi jikana daga barci. A rage mata.

Naka,
Mai sauraro daga Kura, jihar Kano