Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Malamin Da Ya Ce Mun Fifita Kuɗin Dizal A Kan Rubutun Kakanni

Assalamu alaikum, Malam.

A taron da aka yi kan makomar tsofaffin rubuce-rubucen Kano ka miƙe a gaban jama'a ka jefo mini tambaya, sannan ka maimaita ta a rediyo. Ka ce tunda ina kiran a rage dogaro da na'urar sanyaya ɗaki a wuraren adana takardu da kayan tarihi, shin littattafan kakanninmu ba su kai kuɗin dizal ba ne a wurina? Ka ƙara da cewa zancen kare muhalli yayin Turawa ne da ake bi don a ci tallafinsu. Wannan na biyun ba zan ɓata takarda a kansa ba, waɗanda suka san aikina sun isa shaida. Na farkon ne ya yi mini ciwo, domin zargin cin amana ne, kuma ka yi shi ba tare da ka kawo ko lamba ɗaya daga ma'auni ba.

Abin da ke kashe takarda a garin nan, Malam, laima ce, wato danshin da ke cikin iska, da hawa da saukarta. Takarda da fata suna shan danshin iska su kumbura, su sake shi su tsuke. Tawadar gawayi da ƙaro a saman takarda take zaune, don haka duk lokacin da takardar ta motsa a ƙarƙashinta sai ta tsage ta riƙa ɓarewa. Fumfuna kuwa ba ta tashi sai laima ta haura kashi 65 cikin ɗari. A kashi 70 takan ɗauki kusan wata uku kafin ta bayyana, a kashi 80 kwana goma ya ishe ta, a kashi 90 kwana biyu ko uku. Ka san yadda iskar Kano take a watan Agusta, ka kuma san yadda take ƙeƙashewa da hunturu har laima ta faɗo ƙasa da kashi 20.

To ka ɗauki ɗakin da aka sa wa na'urar sanyi a garin da ake ɗauke wuta sau da yawa a yini. Na'ura ta yi awa huɗu tana aiki, kantocin ƙarfe da gilashin akwatin nuni suka yi sanyi. Aka ɗauke wuta, janareta ba mai, ma'aikaci ya buɗe taga don ya sha iska. Iskar damina mai ɗumi ta shigo ta taɓa ƙarfe mai sanyi, raɓa ta kwanta a kansa, kamar yadda take kwanciya a jikin kofin ruwan ƙanƙara. Gobe a maimaita. Ranar Juma'a a kashe komai a rufe sai Litinin. Littafin da ya shekara ɗari biyu lafiya cikin gafaka a ɗakin soro zai iya yin tabon fumfuna a damina ɗaya a irin wannan ɗaki. Wannan nake gudu, kuma shi kake kira rowar dizal.

Ƙa'idar da kake karewa, wato a riƙe ɗaki a zafin digiri 20 da laima kashi 50 dare da rana, ita ce ma baƙuwar. A Ingila aka gina ta bayan Yaƙin Duniya na Biyu, musamman don zane-zanen da aka yi a kan katako. Su kansu masu ita sun sassauta: a 2015 shugabannin manyan gidajen tarihi na duniya, ƙungiyar da ake kira Bizot, suka amince da digiri 16 zuwa 25 da laima kashi 40 zuwa 60 ga mafi yawan kayayyaki, muddin laimar ba ta motsa fiye da kashi 10 a cikin awa 24 ba. Masu wutar da ba ta yankewa ke nan. Haka kuma lokacin da aka kwashe rubuce-rubucen Timbuktu zuwa Bamako a 2012 da 2013, abin da ya tayar wa masu kula da su hankali a can shi ne danshi, kuma na'urorin tsotse laima aka nema.

Ga abin da nake kira a yi. A fara da gini: a duba rufi da indararo kafin ruwan farko, a sabunta yaɓe, kada a shafa siminti a kan bangon ƙasa, domin yana kulle danshi a ciki har tubali ya ruɓe. Bangon Gidan Makama, wanda asalinsa ke komawa zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, da na Gidan Ɗan Hausa, kaurinsu kaɗai yana jinkirta zafin rana ya hana ɗaki sauyawa farat ɗaya. A zaɓi ɗakin tsakiya wanda rana ba ta dukan bangonsa na yamma. Kanta ta tashi daga ƙasa aƙalla santimita 15, ta kuma bar rata da bango, don ruwa kada ya taɓa ta, a kuma ga hanyar gara tun tana ƙarama.

Sai akwati, wanda shi ne mafi arha kuma mafi amfani. Kowane littafi a naɗe shi da takarda marar asid, a sa shi a kwance cikin akwatin kwali marar asid daidai girmansa. Akwatin yana tare ƙurar hunturu da haske, yana kuma rage kaifin sauyin laima kafin ya kai ga takarda. Gafaka da magabata suka yi wannan aikin take yi. A cire ƙusar takarda da ta yi tsatsa, a daina manna salatif a yagewa, kuma don Allah a daina kai tsofaffin takardu a liƙe su cikin leda da zafi, domin ba a iya raba su kuma ba tare da an lalata rubutun ba.

Inda ake buƙatar na'ura shi ne damina, daga Yuli zuwa Satumba. Na'urar tsotse laima tana jan wat 300 zuwa 500, yayin da na'urar sanyi mai ƙarfin doki ɗaya da rabi ke jan sama da wat 1,000. Ta farkon sola da batir za su riƙe ta dare da rana a ɗakin da aka toshe ƙofofinsa da kyau. A saita ta a kashi 55, a zubar da ruwanta kullum ko a ja mata tiyo zuwa waje. Kowace litar dizal da aka ƙona tana sakin kusan kilo 2.6 na iskar da ke ɗumama duniya, amma ko da ba a yi zancen muhalli ba, na'urar da za ta yi aiki ba yankewa ita ce ke tsare littafi.

Ƙwari ma ba sai da guba ba. Fiya-fiya da ake fesawa tana cin ƙarfe, tana sauya launin rini, tana cutar da mai aikin. A kulle abin da ƙwaro ya kama cikin leda, a sa a firiza mai digiri 20 ƙasa da sifili na mako ɗaya zuwa biyu, a fito da shi a bar shi a kulle yini guda kafin a buɗe. Idan wutar firizar za ta yanke a tsakiya, aikin ya ɓaci, ƙwai zai rayu, shi ya sa ita ma sola take so.

Kana da gaskiya a abu ɗaya, ba zan ɓoye ba. Zafi yana tsufar da takarda, kuma rage digiri 5 yana kusan ninka kwananta. Takardar jarida irin ta Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a 1939, da hotuna da kaset da fim, su suna son sanyi na gaske. A ware musu ƙaramin ɗaki guda mai rufin hana zafi. Ba su ne duka ma'ajiya ba.

Abin da ke ƙona mini rai ya wuce kai, Malam. Kuɗin sayen na'ura yana fitowa da sauri saboda kwangila ce, amma kuɗin yaɓe da kwali da horar da mai share kanta ba mai tsaya musu. Dubban littattafai suna hannun zuriyar malamai a Madabo da sauran unguwannin cikin gari, inda ba wanda zai kai musu janareta, kuma shawarar da kake bayarwa ba ta da abin da za ta ce musu. Ya kamata ka faɗa wa jama'a ko kana da hannu a harkar sayar da waɗannan na'urori, tunda kai ka fara tambayar niyyar mutane.

Ga abin da nake nema a wurinka. A sa ma'aunin zafi da laima mai ajiye lissafi a ɗakuna biyu, ɗaya mai na'urar sanyi a kan wutar gari, ɗaya irin wanda na bayyana, daga 1 ga Yuli zuwa 30 ga Satumba. Kai ka zaɓi ɗakunan. A karanta sakamakon a gidan rediyon da ka yi magana.

Wassalam.